Kwalliya da Kuɗin Sabulu: Feɗe Adon Shafukan Intanet Daga Yankara

Duk wanda ya fara kiran intanet da sunan yanar gizo ya yi wa harshen Hausa hidimar da ba a gode masa ba. Gizo-gizo ba ya sayen zare a kasuwa, daga jikinsa yake fitar da shi, kuma ba ya saƙa fiye da abin da zai kama masa abinci. Iska tana ratsa saƙar ta wuce, raɓa ta kwanta a kanta ba ta tsinke ba. Sunan nan tamkar alkawari ne aka yi wa mai karatu cewa abin da zai shiga marar nauyi ne, kuma da lissafi aka yi shi. A wannan maƙala ina son in auna wani nau'in shafukan intanet da ya yi kasuwa a 'yan shekarun nan, wato waɗanda masu tsara su ke cewa daga halitta suka ɗauko adonsu: ganye, ruwa, duwatsu da gajimare. Ma'aunin da zan yi amfani da shi wanda aka koya mana ne a ajin adabi, inda zan tsaya in yi awon kuwa Yankara ce, garin da na tashi.

Yankara tana cikin Ƙaramar Hukumar Faskari ta Jihar Katsina, a bakin titin da ya tashi daga Funtuwa ya nufi Gusau, dab da iyakar Zamfara. Ƙasa ce ta masara da dawa da waken suya da auduga. Kamar yadda yake a Ƙanƙara da Sabuwa, mai karatu a nan ta waya yake karatu, waya mai arha wadda ta ga jiya ta ga yau, fuskarta a tsage, batirinta sai an kai wa mai caji. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Data kuwa da kaɗan-kaɗan ake sayenta, ta yini ko ta mako, kuma tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kowa ya ƙara sa ido a kan abin da ke cinye masa ita. Wannan mutumin nake nufi duk inda na ce mai karatu.

Siffar shafukan da nake magana a kansu kusan ɗaya ce, ko na ƙungiyar dashen itatuwa ne, ko na masu sayar da iri da taki, ko na mujallar adabi mai son a ce ta waye. Da ka buɗe, kafin kalma ɗaya ta bayyana, bidiyo ne zai fara sauka: ruwa yana gangarowa daga kan dutse, ko hazo ya lulluɓe dogayen itatuwan ƙasashen sanyi waɗanda ba su taɓa tsirowa a ƙasar Katsina ba. Ganyaye suna faɗowa daga saman fuskar waya, rubutu yana shigowa daga gefe a hankali kamar amaryar da ake rakiya. Akwai shafin wata ƙungiya da ke cewa domin manoman yankinmu aka kafa ta. Na buɗe shi na jira har shayin da ke gabana ya huce, abin da ya fito kawai koren fili ne da 'yar da'ira tana juyawa. Bayanin da manomi ke nema, wato lokacin zuba taki da lambar da zai kira, yana can ƙarshe, bayan an gama yi masa baje kolin dajin da ba nasa ba.

Bari mu ɗora abin a kan sikeli. HTTP Archive, wadda ke auna miliyoyin shafuka a kai a kai, ta nuna cewa matsakaicin shafi a waya ya haura megabayit 2, kuma hotuna da umarnonin da ke sa abubuwa motsi su ne suka fi cin wurin. Harafin boko guda bayit ɗaya yake ci, mai ƙugiya irin su ɓ da ɗ da ƙ ya ci biyu. Ke nan megabayit 2 haruffa ne kusan miliyan biyu. Littattafan nan biyar da gasar 1933 ta Hukumar Fassara a Zariya ta haifar, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, in an tara rubutunsu zalla ba za su kai nauyin wannan shafi guda ba. Duk yawon da Alhaji Imam ya yi a duniya da duk tsiyar da suka ƙulla wa juna shi da Malam Zurƙe, hoton magangarar ruwa ɗaya ya fi su nauyi nesa ba kusa ba. Mai gigabayit ɗaya a waya zai buɗe irin wannan shafi sau 500 ne kawai. In da an tsuke shafin ya koma kilobayit 100, da ya buɗe shi sau 10,000.

Adabinmu na zamani bai taɓa jin kunyar yin wannan lissafi ba. Jaridar da Abubakar Imam ya fara zama editanta a 1939 sunanta ma ciniki ne: Gaskiya Ta Fi Kwabo, wato ka ba da kwabonka ka karɓi abin da ya fi shi. Marubutan adabin kasuwar Kano, waɗanda manazarta suka daɗe suna yi wa kallon hadarin kaji, sun raba labari guda kashi biyu ko uku a kan takarda mai arha domin 'yan mata da matan aure su iya saye ko su ɗauko haya. Ana iya sukar bugunsu, kuma an soka, amma sun san aljihun mai karatunsu. Mai tsara shafin intanet na yau shi ne mawallafin farko a tarihinmu da ke sa mai karatu ya biya kuɗin ado tun kafin ya ga ko akwai abin karantawa, kuma ba tare da an gaya masa farashi ba.

Sai dai nauyi ba shi ne babban laifin waɗannan shafuka a wurina ba. Laifinsu na fasaha ne. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, a gadon da ya shimfiɗa mana na feɗe waƙa, ya bambanta kamantawa da siffantawa da alamtarwa, kuma kowane ɗalibi ya san cewa mawaƙin da bai wuce "kamar kaza, kamar kaza" ba yana bakin ƙofa ne tukuna. To, liƙa hoton daji a bayan rubutu ko kamantawa bai kai ba. Kwafi ne kawai, irin na ɗalibin da aka ce ya siffanta kogi sai ya ɗebo ruwa a kwano ya kawo wa malam. Masu sana'ar hannu na ƙasar Hausa sun daɗe da wuce nan. Masaƙin da ya so ya sa zabo a jikin riga bai zana tsuntsu ba. Ya haɗa farin zare da wanda aka rina da baba, ya yi ta sarƙa su ƙanana-ƙanana har ya fitar da saƙi, wanda ɗige-ɗigensa ke tuna wa ido gashin zabo. Launi biyu kacal, kuma kowa ya gane. Dagi, wanda yau muke gani a bangon gidajen Zariya da Kano da ƙirjin manyan riguna, asalin kalmar tafin ƙafar dabba ne irin su kyanwa da zaki, amma abin da magini da maɗinki suka riƙe layi ne guda da ke shiga yana fita ba a ga farkonsa ba. Mai sassaƙar ƙwarya ma haka: wuƙa mai zafi, 'yan layuka, sai ga ƙadangare ko wata. Hatta sunayen launukanmu daga halitta muka tatso su: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ganye. Bahaushe ya ɗauki ɗorawa ya bar itacen a gona, ya tafi da ruwanta kawai.

Abin sha'awa shi ne wannan hanya ta tsofaffinmu ita ce mafi arha a na'ura. Akwai nau'in zane da ake kira SVG, wanda ba ya ajiye hoto ɗigo-ɗigo, sai dai ya gaya wa waya ta ja layi daga nan zuwa can ta lanƙwasa shi kaza. Dagi ko zanen bakin faifai da aka yi ta wannan hanya 'yan kilobayit kaɗan zai ci, kuma ko an faɗaɗa shi ba ya dusashewa. Launi kuwa kusan kyauta ne, domin haruffa shida sun isa su gaya wa waya ta shafe bayan rubutu da ruwan ƙasa. Shafin da ya ɗauki shuɗin marinar Ƙofar Mata da zanen ƙwarya guda a goshinsa ya fi kusa da halittar da muka sani, ya kuma fi sauƙi sau ɗaruruwa, a kan wanda ya aro dusar ƙanƙara. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Misali mafi shahara na shafin da ya ɗauki halin halitta yana Barcelona ta ƙasar Sifaniya. A 2018 Kris De Decker da abokan aikinsa suka mayar da mujallarsu, Low-tech Magazine, kan 'yar ƙaramar kwamfuta da ke aiki da hasken rana a barandar gida. Sun bar haruffan da ke cikin na'urar mai karatu su yi aiki, sun cire tallace-tallace, sun kuma rage hotuna zuwa ɗige-ɗige masu launi kaɗan. Ranar da na fara ganin hotunan nan saƙi ne ya faɗo mini a rai. Dabarar ɗaya ce, ido ne ke ƙarasa abin da ɗigo ya fara. Shafin yana nuna yawan cajin da ya rage a batiri, kuma in hadari ya daɗe bai washe ba sai ya ɗauke gaba ɗaya har rana ta fito. Babu ganye ko ɗaya da ke faɗowa a cikinsa, amma yana kwana yana tashi da rana kamar shuka. Wannan siffantawa ce ta gaske, kuma na yaba mata. Duk da haka ba zan ce mu kwafe shi ɗungurungum ba. Ɗaukewar shafi darasi ne ga Baturen da wutarsa ba ta yankewa, yana jin daɗin a tuna masa cewa komai na da iyaka. Mutumin Yankara ba ya buƙatar wannan tunatarwa. Ya haddace ta.

A watan Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, sannan a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Yankara ta zama a tsakiyar shiru gaba da baya, aka yi watanni mutum sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Abin da ya rage wa mai karatu a lokacin shi ne abin da ya riga ya kwanta a cikin wayarsa: littattafan da aka tura ta WhatsApp, karatun malamai da aka ɗura a katin waya, waƙoƙin da ake miƙa wa juna ta Bluetooth da Xender. Shafukan nan masu magangarar ruwa ko inuwarsu ba a gani ba. Alhali akwai dabarar da ke ba shafi damar ajiye kansa a waya bayan buɗewar farko, ya ci gaba da buɗuwa ko babu sabis, amma sai shafin ya kasance marar nauyi take yin armashi. In ana neman abin koyi daga halitta, ga kuka nan tana tara ruwa a cikinta domin rani. Ga gawo kuma, wanda duk manomi ya san halinsa: da damina, lokacin da gero da dawa ke neman hasken rana, sai ya zubar da ganyensa, ya bari sai rani ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da abinci. Ban san wani itace da ya fi shi sanin lokacin da ya kamata ado ya ja da baya ba.

Akwai kuma maganar ma'ana, wadda ɗalibin adabi bai kamata ya tsallake ba. Mai tsara shafi da ke zaune a Legas ko Landan yana ɗaukar hoton kurmi a matsayin alamar natsuwa. A tunanin Bahaushe daji kishiyar gari ne tun a tatsuniya, mazaunin kura da dodo, inda yarinya ke ɓata. A yankinmu kuwa tatsuniyar ta zama labarin yau. Daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka kora su cikin daji da ƙafa. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta sanya dajin Kogo na Faskari cikin sababbin gandun dajin ƙasa guda goma da ta amince da su, dajin da mutanen da ke gefensa ke ambata da ƙaramar murya, kamar yadda ake ambaton Rugu. Uwar da aka taɓa shiga daji da ɗanta, in ka buɗe mata shafi da duhun itatuwa, ba natsuwa ka ba ta ba. Alama ba ta da ma'anar da ta wuce wadda mai kallo ya zo da ita. Halittar da ke sanyaya zuciya a nan ita ce gonar da aka samu damar nomewa, da damin dawa a kan amalanke, da inuwar ɗorawa a bakin gari.

Sai batun ido. Masu son launin halitta suna yawan ɗora rubutu ruwan ganye a kan ruwan ƙasa, ko fari a kan hoton gajimare. A ofis mai sanyi yana da kyau. A tsakar rana a kasuwa, a kan tsagaggiyar fuskar waya, ba ya karantuwa. Ƙa'idojin WCAG na ƙungiyar W3C, waɗanda aka sabunta a 2008 da 2018 da 2023, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai aƙalla 4.5 a kan 1, baƙi a kan fari kuwa 21 yake bayarwa. Almajiri bai san waɗannan lambobi ba, amma allonsa ya cika sharaɗin: baƙar tawada ta gawayi da ƙaro a kan itace mai haske, ana karanta ta da rana, ana karanta ta a gaban wutar kara da dare. Kore da ja da ruwan ƙasa kuma su ne launukan da suka fi rikita masu matsalar bambance launi. Ga dattijon da yanar ido ta fara rufe masa gani, ciwon da binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna shi ne kan gaba wajen makantar da 'yan Najeriya, siririn rubutu mai kama da reshe azaba ce.

Irin waɗannan haruffa na ƙawa suna da wata illar da ta shafe mu mu kaɗai. Da yawansu ba a yi su da ɓ da ɗ da ƙ ba. Sai waya ta cike gurbin da ɗan akwati, ko ta aro harafin daga wani zubi ya fito kamar haƙorin Makka, ko kuma mai shafin ya gaji ya zubar da ƙugiyoyin baki ɗaya. A nan ne ƙura ke zama kura, ƙasa ta zama kasa, baƙi su koma baki. An sauke wa mai karatu kilobayit ɗaruruwa na haruffa masu lanƙwasa kamar yaɗo, an kuma karya masa ƙa'idar rubutun da aka sha wahalar daidaitawa tun shekarun 1930.

Wanda ya fi kowa asara shi ne makaho, kuma a nan abin ya fi yi mini ciwo, domin adabinmu yana da bashin makafi a kansa. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, bai ga takardar da aka rubuta waƙarsa ba, kuma makafi masu bara da mata a cikin gidaje suna cikin waɗanda suka yaɗa ta da ka. Jikokinsa na yau suna da manhajoji irin su TalkBack da ke karanta musu abin da ke fuskar waya. Amma manhajar rubutu take gani. In an zana sanarwa a cikin hoton ganye, shiru za ta yi ko ta ce "hoto" ta wuce. In maɓallin shiga fure ne marar suna, ba za ta san me yake buɗewa ba. In ba a shaida mata a cikin ginin shafin cewa Hausa ce ba, sai ta karanta da lafazin Ingilishi, abin ya koma gwalan-gwalan. Gyaran duk wannan layuka kaɗan ne na rubutu, ba su da nauyin komai: jimla guda a bayan kowane hoto da ke faɗin abin da ke ciki, da suna a kan kowane maɓalli. Rubuta wannan jimla ma aikin adabi ne, domin siffanta gonar auduga da kalmomi goma ga wanda bai taɓa ganin fari ba ya fi ɗaukar hotonta wuya. Najeriya tana da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci tun Janairun 2019, amma tunaninmu a kanta bai wuce matakalar bene ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma yana da ƙarfi. Za a ce rubutu zalla shi ma shinge ne, domin manoma da yawa a Faskari da Sabuwa ba sa karanta boko. Wasu ajami suka iya, wasu kunne kawai suke da shi, shi ya sa saƙon murya ya fi rubutu tafiya a WhatsApp, shi ya sa kuma ake sauraron littattafan Hausa a rediyo da YouTube. Za a ƙara da cewa talaka ma yana son kyau, kuma raini ne a ce shi dai a ba shi fari da baƙi. Na yarda da duka biyun. Matar da ta yi wa ɗakinta jere da kwanoni, ta yi wa bango yaɓe, ta shafe daɓe da makuba, ba ta jira wani ya koya mata son ado ba. Hoton tsutsar da ke cin masara yana da aiki, domin manomi zai gane ta a gonarsa, kuma ya cancanci nauyinsa in an tsuke shi daidai faɗin waya. Muryar malamin gona ta minti ɗaya ta fi bidiyon magangarar ruwa sauƙi da amfani. Abin da nake ƙi shi ne a yanke wa mutum hukunci a kan datarsa: bidiyo ya kunna kansa, hotuna goma su sauka alhali ɗaya ya nema. A bar rubutu ya fara isowa, murya da hoto su tsaya a bayan maɓalli sai ya danna da hannunsa.

Shafin nan na Barcelona yana rubuta nauyin kowace maƙala a gefenta. Namu sun fi shi buƙatar wannan ɗabi'a, kuma a jikin maɓallin ya kamata a rubuta, kafin a danna: murya, kilobayit kaza, hoto, kilobayit kaza. Mai hatsi a kasuwar Yankara yakan faɗi kuɗin tiya ne kafin ya soma awo, mai saye ya taɓa aljihunsa, sannan ya buɗe bakin buhu.